Sallamar da Ka Yi a Bawku

Zuwa ga Awudu,

Assalamu alaikum. Na yi sallamar ne don haka aka koya mana fara wasiƙa, ba don ina jiran a amsa ba. Na san ba za ka karanta takardar nan ba. Ko da kana raye ma da sai ka miƙa wa matarka Adiza ta karanta maka, ka ce idonka ne ke ciwo, kamar yadda ka saba duk lokacin da boko ya tare maka hanya. Ina zaune a rumfar askina da hantsi, babu kowa a kan benci, shi ne na yago takardu daga tsohon littafin makaranta na ce bari in yi maka magana, tunda masu rai sun ƙi saurarona.

Damina biyu ke nan da muka kai ka makwancinka. Adiza tana nan lafiya, ta koma sayar da koko da ƙosai a bakin tashar Yendi, sai dai gwiwarta ta dama da ke damunta in ta daɗe a tsaye. Mangwaron nan na bayan tasha inda kake horar da samari, iskar farkon damina ta karya masa babban reshe, wanda kake rataye buhun yashi a jikinsa. Yanzu a ƙarfen wata matacciyar lori suke rataye buhun. Na leƙa Salaga bayan sallar layya, na tarar rijiyar gidanku ta rufta, ƙanwarka Zainabu sai maƙwabta take zuwa ɗiban ruwa. Har yanzu in ta tashi ambatonka Yaya take cewa, kamar kana cikin ɗaki kana jin ta. Ɗanka Mumuni ya auri Rabi kamar yadda ka so, ta haifi namiji, an mayar da sunanka. Ni na yi masa askin suna. Kansa irin naka ne sak, da ɗan tudun nan a ƙeya da ke hana aska tafiya daidai.

Mumunin nan ne ya sa na ɗauki biro. Ranar Asabar mai zuwa zai yi faɗan gauraye a Bawku, a farfajiyar sinimar nan da kai da ni muka sani, da wani saurayi daga tsallaken iyaka wanda aka ce shaƙa ce sana'arsa. Kuma ya rantse a gaban samarinka cewa ba zai yi sallama ba ko za a ɗauko gawarsa, domin ubansa bai taɓa yi ba. Ka ji abin da muka jawo, Awudu. Ni da kai muka jawo shi, amma kai ka tafi ka bar ni da shi.

Bari in maimaita maka abin da ka riga ka sani, ko ni kaina na gane inda muka ɓata. Tun muna yara a Salaga ba ka da aiki sai kama mutane ka kayar. Kokawa ka fara a filin bayan kasuwa in an gama girbi, sannan ka bi mahauta ka koyi dambe, har mahaifinka ya ce zai tsine maka in ka sake naɗa igiya a hannu, ka kuma naɗa. Da ka tafi kurmi ɗaukar buhunan goro, ka haɗu da wani tsohon soja da ya koya maka naushin Turawa da murɗe hannu da shaƙe wuya. Ka dawo mana da kunnuwa a murtsuke da wani irin faɗa da ba mu san sunansa ba. Lokacin ne masu sinima suka ga samari sun haukace da finafinan faɗa, suka fara shirya gauraye ranar kasuwa bayan la'asar. A shimfiɗa garin katako, a rufa tamfol, a saki mutum biyu. Naushi ya halatta, shuri ya halatta, kayarwa da shaƙa duk sun halatta. Abu biyu kaɗai ke tsayar da wasa: ko mutum ya suma, ko ya buga tafin hannunsa sau uku a ƙasa ko a jikin wanda ya kama shi. Wannan bugun shi muke ce wa sallama. Na gefe ba shi da ikon tsayar da komai, ko da uwar mutum ce, sai dai hannun mai wasan da kansa.

Ni kuwa aikina tsugunno a gefe da kwalbar ruwa da auduga da ruwan gishiri. Wanzami ne ni ɗan wanzami, na san inda gira take fashewa da yadda ake tsayar da jininta. Ka ja ni Tamale, ka ja ni Yendi, ka ja ni garuruwan da ban taɓa tsammanin zan taka ba, ba ka taɓa tambayata ko ina son zuwa ba. Ina so mana. Wa zai ƙi a nuna shi a ce ga abokin Awudu?

Sai zuwanmu Bawku, a shekarar da ta biyo bayan yunwar nan. An ce duk wanda ya ci ranar shi ne gwanin arewa gaba ɗaya, dukawan garin har sun ɗinka ɗamarar fata mai ado. Abokin karawarka Bukari ne mutumin Kulungugu, gajere mai kauri, mai yawan murmushi, har ya zo ya gaishe ni kafin a fara ya ce in an fasa masa ido shi ma in taimaka masa. Kun daɗe kuna gwabzawa. Ka fasa masa leɓe, ka tsinka masa shuri a haƙarƙari, na ɗauka an gama. Ban san yadda aka yi ba sai na gan ku a ƙasa, yana bayanka, ƙafafunsa sun naɗe maka ƙugu, damtsensa ya zagaye maka wuya. Alƙalin wasa ya durƙusa ta gabanka yana kallon fuskarka da hannunka na dama da ke kokawar ɓamɓare damtsen. Jama'a duk suna ta wannan ɓangaren. Ta wajen bango babu kowa sai ni da kwalbata.

Na ga hannunka na hagu, Awudu. Shekara goma sha huɗu ina riƙe da wannan magana, yau na faɗa maka. Na ga ya saki tamfol, ya lalubo cinyar Bukari, ya buga sau uku. Ba karkarwa ba ce, ba kuma kuskure ba ne, bugu ne irin na mai neman a sake shi. Bukari ya ji, ya sake ka nan take, ya fara miƙewa hannuwansa a buɗe. Kai kuma numfashi na dawo maka sai ka juyo da gwiwar hannu ka same shi a muƙamuƙi, ya zube kamar buhun gero. Wuri ya kaure da ihu, makaɗa suka saki ganguna.

Da Bukari ya farfaɗo ya riƙa nuna cinyarsa yana magana, ya yi da yarensu, ya yi da Hausa, mutane suna ta dariya suna jifansa da ɓawon lemo. Alƙalin wasa mutum ne mai son gaskiya, ban manta ba. Ya waiwayo ya dube ni, don ya san ni kaɗai ne a wancan gefen, ya ɗaga mini haɓa yana tambaya. Ni kuma na girgiza kai. Ba wanda ya sa ni, ba ka ko kalle ni ba. Na girgiza kai, aka ɗaga hannunka, aka ɗaura maka ɗamara. Tun kafin mu fita daga farfajiyar wani maroƙi ya laƙaba maka suna Ba-Sallama, wai an shaƙe ka har idonka ya kaɗa ya yi ja amma ka ƙi bugawa. Sunan ya bi ka har kabari, a wajen jana'izarka ma da shi wasu suke tambayar hanyar gidan.

Ka tuna dawowarmu a bayan lori? Da muka fara hawan dutsen Nakpanduri ka leƙa ka yi amai, mutanen cikin lorin suka ce shaƙar ce. Daga nan har Yendi kana zaune a kan hannunka na hagu kamar wanda ya kama ɓarawo yana tsoron kada ya kuɓuce. Na so in yi magana, na ce bari mu isa gida. Da muka isa Salaga gari ya fito tarbarka, Mumuni yana ɗan shekara tara aka ɗora shi a wuyanka da ɗamarar a hannunsa. A wannan hali wa zai buɗe baki? Na ce bari hayaniya ta lafa, ta kuma lafa ɗin, amma ban faɗa ba.

Assalamu alaikum kuma, na dawo. Wani direba ne ya zo gyaran gemu, ya cika ni da labarin wasan ranar Asabar, wai su lori guda za su cika daga Yendi don su ga ɗan Ba-Sallama. Na ce masa Allah ya kai mu.

Ba ka sake shiga fili ba tun daga ranar. Mutane suka ce ka rasa abokin karawa ne, kai kuma ka bar su da zatonsu. Ka kwashe iyalinka ka koma Yendi garin su Adiza, ɗamarar ta shige ƙasan akwatinta ban sake ganinta ba tsawon rayuwarka. Bayan shekara guda na tattara asakena na biyo ka, na ce wa mutane kasuwar aski ta fi ci a nan. Ƙarya nake yi, na kasa zaman Salaga ne babu kai.

A nan ka zama Masta. Na ga yadda ka fara da samari huɗu da tsohuwar tayar mota da buhunan garin katako da ka roƙo wajen masu yankan katako, har wurin ya zama ba ya ɗaukar masu zuwa. 'Ya'yan zango, 'ya'yan Dagomba, yaran mota, har da ɗan wani malami da yake ɓoye wandon wasansa a rumfata. Ba ka duka, ba ka zagi, sai dai ka tsaya ka harɗe hannu kana kallon mutum har ya gane da kansa. Wasu sun shiga soja, ɗaya ya tafi kurmi yana dambe ana jin sunansa a rediyo, da yawa kuma sun dai daina faɗan kan titi, wanda ka ce shi ya fi maka komai. Iyaye mata suna aiko maka da doya da zabi. Na yi alfahari da kai a shekarun nan fiye da lokacin da kake kayar da mutane, ban kuma taɓa gaya maka ba.

Amma kowa ya san abin da ya sa samari ke gunaguni a bayanka. Duk wanda ya zo, wata guda cur ba ka koya masa naushi ko shuri, sai sallama. A kama shi, ya buga, a sake shi. Ya kama, a buga masa, ya saki. Ka ce a buga da ƙarfi, a buga inda alƙali zai gani, a haɗa da baki in bakin na iya buɗuwa. Wanda aka ci ba ka ce masa komai, amma wanda ya ƙi bugawa sai ya yi mako yana share fili yana kallon 'yan'uwansa. Ranar da wani ya kai wa abokinsa duka bayan an sake shi, na ga fuskarka ta canza, ka ɗauki takalmansa da kanka ka ajiye masa a bakin hanya, bai sake dawowa ba. Su suna dariya wai Ba-Sallama ne ke koyar da sallama. Ni ina rumfata ina jiyo bugun tafin hannu a kan buhu, uku uku, tun safe, na san ba da su kake ba.

Kai ka san na gani? Wannan tambayar ta fi kowace cin raina. Duk Juma'a da safe ka zo ka zauna a gabana, in jiƙa maka kai, in wasa aska, mu yi hirar farashin doya da ciwon bayanka da rashin kunyar yaran zamani. Kanka yana tsakanin hannuwana, kunnenka kusa da bakina, babu mai jin mu. Sau nawa na buɗe baki na ɓuge da tambayarka ko in rage gemun? Sau nawa kai ma ka ja numfashi kamar za ka faɗi wani abu, sai ka ce ruwan ya yi sanyi? Mu biyu manyan banza ne, Awudu, ka yafe mini amma haka ne.

Shi kuwa Mumuni ta wata fuska ya ɗauki abin. A wurinsa darasin sallama raini ne. Yana ganin kana koya musu bugawa ne don ka yanke cewa ba su kai ka ba, shi ma ɗanka bai kai ka ba. In kana wurin yakan buga, yana cije baki, don kada ka ba shi tsintsiya. Na sha ganin yadda yake kallon tafin hannunsa bayan ya buga, kamar ya taɓa ƙazanta. Kai ma ka gani, ka ce mini yaro ne, zai girma ya gane. Me zai gane, alhali duk garin nan ana kiransa ɗan Ba-Sallama tun bai fara gemu ba?

Sai ciwon nan ya zo ya shanye maka ɓarin dama da harshe. Kwana goma sha ɗaya ka yi a kwance. Hannun hagu kaɗai ya rage maka, wannan hannun dai. Wata rana da azahar ina zaune a bakin tabarmarka, Adiza tana tsakar gida, Mumuni ya durƙusa yana gyara maka matashi. Ka kama damtsensa, ka dube shi, ka buga sau uku. Ya tambaye ka ko juya ka zai yi. Ka sake bugawa, sau uku, ka juyo da idonka kaina. Na gane, Awudu. Wallahi na gane sarai. Kana cewa in faɗa masa ne, ga ka ga shi, ka gyaɗa kai ya gani da idonsa. Ni kuma na dubi yaron, na dubi yadda yake riƙe da kai, na ji ba zan iya rushe masa uba a gaban uban ba. Sai na ce masa ruwa kake so, na miƙo kofi. Ka kawar da kai, hawaye ya gangaro ta gefen idonka, na sa hannun rigata na goge. Bayan kwana biyu ka cika.

Kwana arba'in ba su cika ba Mumuni ya fito da ɗamarar daga akwatin uwarsa ya rataye a bangon ɗakinsa. Ya karɓi horar da samarin, kuma yana da hannu, ba zan ɓoye ba, ya fi ka sauri. Watan sallama ne kawai ya rage zuwa kwana biyu. Da rani aka yi wasa a nan Yendi, wani ɗan Bimbila ya kama masa wuya. Ina kallo fuskarsa ta kumbura, hannunsa yana kwance a kan tamfol a dunƙule, ya ƙi buɗe shi, har jikinsa ya saki, fitsari ya jiƙa masa wando. Na yi ta zuba masa ruwa ina kiran sunansa, na ɗauka ya tafi. Da ya buɗe ido abin da ya fara tambaya shi ne ko ya buga. Aka ce bai buga ba, sai ya yi dariya, samari suka ɗaga shi sama kamar shi ya ci. Tun daga ranar yatsunsa biyu na hagu ba sa jin zafi ba sa jin sanyi, in ya waiwaya sai ya juyo da kafaɗa gaba ɗaya. Likita ya ce masa wuyan nan ba zai ɗauki wata shaƙar ba. Ya gaya wa Rabi cewa likita ya ce ya warke.

To na faɗa masa. Na makara, amma na faɗa. Watan jiya ya zo aski, na bari sai da na kai rabin kai yadda ba zai iya tashi ba, na ba shi labarin Bawku tun daga farko har girgiza kaina. Bai motsa ba har na gama. Ya shafa kansa, ya miƙe, ya yi mini magana cikin ladabi, da Baba Garba ya fara kamar kullum. Ya ce ya san uwarsa ce ta roƙe ni in tsorata shi, amma bai kamata a yi wa mamaci ƙazafi don a hana ɗansa wasa ba. Ya ce in gaskiya ne, me ya sa na girgiza kai a lokacin? Ko dai na yi ƙarya a da, ko ina yi yanzu, shi kuwa ba zai sayar da sunan ubansa da maganar wanda ya amsa da bakinsa cewa yana ƙarya ba. Ai bai faɗi abin da ba haka ba. Yanzu wajen wani mai almakashi a cikin kasuwa yake aski, in ya wuce rumfata ya rusuna ya gaishe ni daga nesa.

Na je wajen Adiza, na ɗauka ko ka taɓa gaya mata. Ba ta sani ba. Ta saurare ni har ƙarshe tana juya ƙosai a mai, ta ce ita ko ka buga ko ba ka buga ba duk ɗaya ne a wurinta, ɗanta take so da rai. Ta yi masa kuka, ta yi masa faɗa, ta ɗora masa jaririn a cinya ta ce ya dube shi. Ya dube shi ya ce ai saboda shi ne ma, don ya taso ya tarar ba a zubar da sunan da aka sa masa ba.

Sai na tuna akwai mutum na uku. Na rufe rumfa na hau lori zuwa Bawku, daga can na shiga tasi zuwa Kulungugu ina tambayar Bukari ɗan gauraye. Aka ce ya bar nan da daɗewa, yana noman albasa a wajen Binduri. Na same shi da rana tsaka a bakin rafi yana ban ruwa, ya yi furfura, muƙamuƙinsa ya ɗan karkace har yau. Ya gane ni tun kafin in faɗi sunana. Na ɗauka zai kore ni, sai ya shimfiɗa mini buhu a inuwa. A bakinsa na ji abin da ban sani ba. Ashe shekara biyu bayan wasan ka je har gidansa, kai kaɗai, da goro da zakara, ka durƙusa a gaban matansa da 'ya'yansa ka ce shi ya ci. Ka ce masa lokacin da ka kai dukan ba ka cikin hayyacinka, amma lokacin da aka ɗaga hannunka ka riga ka dawo, gangunan ne suka yi maka daɗi. Ka kai masa ɗamarar ya ƙi karɓa, ya ce ya yafe. Ni ka ce mini Gushegu za ka sayen tunkiya, ka tuna?

Na zauna a kan buhun nan na ji haushinka kamar in yi ihu. Ka iya hawa lori yini guda ka durƙusa wa mutumin da ka zalunta, amma ni da nake taku ashirin daga filinka ba ka iya ce mini komai ba? Daga baya na huce, na ga ai ni ma ban je na durƙusa masa ba, alhali kaina ne ya girgiza. Na roƙe shi gafara a wurin, ya ce ya daɗe da mantawa da ni.

Na roƙe shi ya biyo ni Yendi ya gaya wa Mumuni da bakinsa, ko kuma ya tare shi a Bawku ranar Asabar. Ya ce ranar da ka zo ka sa shi ya dafa Alƙur'ani cewa maganar ba za ta fita daga bakinsa zuwa kunnen ɗanka ba, domin kai kake so ka faɗa masa da kanka in ya girma. Ni ma ya gaya mini ne don na riga na gani da idona. Na ce masa ai mai rantsarwar ya rasu, ya ce wanda aka rantse da littafinsa bai rasu ba. Na ce rai ne a tsakani, a tambayi malamai, akwai kaffara. Ya ce ko ya karya rantsuwar, wane ɗa ne zai yarda da maganar mutumin da ubansa ya kayar? Zai ce haushin kaye ne. Ya cika mini jaka da albasa, ya raka ni bakin titi, ya ce zai yi wa yaron addu'a.

A hanyar dawowa wani tunani ya zo mini, har na ji sanyi a raina. Na ce tunda na taɓa yin ƙarya na ce ba ka buga ba, bari in sake wata in ce shi ya buga. In tsuguna ta wajen bango kamar da, da zarar an kama wuyansa in miƙe in yi ihu cewa na ga sallama. Ya tsane ni har in mutu, ba komai, in dai yana numfashi. Ban kai Yendi ba na tuna cewa wannan ƙofar ma a rufe take. Yanzu alƙalai biyu ake sawa a gauraye, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, kuma ba a tambayar na gefe komai. Wa ya dage sai da aka yi haka? Kai ne. Shekara da shekaru kana bin masu sinima kana cewa ba za ka kawo samarinka ba sai an ƙara alƙali. Ka gyara abin da ya cuci Bukari, ka kuma toshe ni.

Ban san abin da ya rage mini ba. Bai gayyace ni ba, wani cikin samarinka ne zai riƙe masa ruwa. Duk da haka na wanke kwalbata, na sayi auduga, zan shiga lorin direban nan in zauna cikin masu waƙar sunanka. Zan nemi wuri ta wajen bango in ba su kore ni ba, in zuba ido a kan hannunsa na hagu, wanda yatsu biyu ba sa ji. Ina tsoro, Awudu. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba ko a ranar da kake ƙarƙashin Bukari, domin kai a ƙarshe ka so ranka, ka buga. Shi mun hana shi.

Me ya sa ba ka faɗa masa tun harshenka na motsi ba? Me ya sa na miƙo kofin nan? Ba na tsammanin amsa. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka gangunan Bawku, ya yafe mini kaina da na girgiza. Allah ya buɗe tafin hannun yaron nan ranar Asabar.

Tun muna makarantar allo a Salaga aka koya mana cewa in ka je ƙofar gida ka yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai ka juya. Na yi biyu a takardar nan. Assalamu alaikum, Awudu. Zan ɗan tsaya a bakin ƙofar tukuna.

Abokinka da ya gani ya ce bai gani ba,
Garba Wanzam, bayan tashar Yendi